Wando Jam'i, Mai Wando Tilo

Ƙarar yagewar takarda ce, 'yar ƙarama, ƙeet, kamar an tsaga busasshen ganyen masara. Ina zaune bakin madafa ina tsintar wake a faifai, la'asar ta yi sanyi, sai na ji ta daga cikin ɗaki. Na saurara. Shiru ya biyo baya, irin shirun da yaro kan yi idan ya yi ɓarna yana jiran a gano. Can sai na ji jan majina.

Na ajiye faifan na leƙa. 'Yata ta fari ce kwance rub da ciki a tabarma, littafin aikin Turanci a gabanta, ta goge wuri ɗaya da magogi har da yawu, sai da takardar ta huje. Malaminta na lesin ya soke mata wata kalma da jan biro ya rubuta tasa a sama, ita kuma tana ƙoƙarin goge tasa ta mai da tata.

Na ce, “Ke, jan biro ake gogewa? Me ya yi miki?”

Ta ce, “Zagin Baba ya yi.”

Na karɓi littafin. Jimla ce gajera wadda aka bar gurbi a tsakiyarta don a cike: ubana manomi ne. Ita ta rubuta “My father are a farmer.” Malamin ya kashe “are” ya sa “is”. Zagin ke nan gaba ɗayansa.

A lokacin tana aji shida na firamare a nan Gumel, ana shirya su don jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata. Ranta gaba ɗaya yana kan makarantar nan. Tun da ta ga 'yar maƙwabtanmu ta dawo hutu da akwatin ƙarfe da farin hijabi mai guga, ba ta ƙara zancen komai ba sai na makarantar. Lissafi kuwa kamar ruwa take shan sa. Amma shugaban makarantarsu ya faɗa musu, duk wadda ta faɗi Turanci ta faɗi duka, ko da ta haɗiye sauran darussan da tawadarsu. Kuma daga aji shida ake zana ta, ba a dawowa.

Ni na yi sakandare har na gama. Sai dai Turancina ya zama kamar kwanukan jere: yana nan a kabad, ba a ci a ciki, sai baƙi sun zo a goge masa ƙura. Duk da haka na san “is” na mutum ɗaya ne, “are” na mutane da yawa. Na zauna gefenta na fara buɗa shafukan baya, sai na ga jan biro ya yi wa littafin kaca-kaca kamar an yanka kaza a kai. Da na natsu na duba, sai na ga ashe kuskuren nata yana da tsari, har ya fi na littafin tsari. Akuya ta ba ta “is”. Yaro “is”. Ɓarawo “is”, har ta danna fensir. Amma uba, da kawu, da liman, da likita, da shugaban makaranta, duk “are” ta ba su. Wurin mai sayar da nama ne kawai ta yi shakka, ta rubuta duka biyun ta bar wa Allah.

Na ce, “Ba a koya muku dokar ba ne?”

Ta ce, “An koya mana. Na iya ta. Ɗaya da ‘is’, da yawa da ‘are’.”

“To Babanki su nawa ne?”

Ta kalle ni da jajayen idanu ta ce, “Ga shi ke ma kin ce su nawa ne.”

A gidanmu idan ana maganar maigida ba a cewa Malam ya fita. Sun fita ake cewa. Sun dawo, suna barci, sun ce a kawo ruwa. Haka na tarar a gidan iyayena, haka na tarar a gidan aure, haka na koya mata tun tana tatata. Ko yanzu da nake wannan rubutu hannuna ba zai iya sa musu “ya” ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri, duk inda ya ga Malam sun yi wani abu, mutum ɗaya ne, mai matsakaicin tsawo da ɗan tumbi.

Da yamma Malam suka dawo daga Gagarawa, inda suke aikin ofis a ƙaramar hukuma. Mutum ne da ke ji da Turancinsu. Idan rediyo na labarai da Turanci sukan riƙa gyaɗa kai suna cewa “exactly”, ko da farashin taki ake faɗa. Na bari suka ci tuwo suka sha ruwa, sannan na kai ƙara, na miƙa musu littafin. Suka sa tabarau, suka karanta jimlar a bayyane, “My father are a farmer,” suka sake karantawa a hankali kamar mai tsotsar alewa.

Suka ce, “To, da farko dai ni ba manomi ba ne.”

Na ce, “Malam, ba wannan ake tambaya ba.”

Suka ce, “A ƙa'ida malamin yana da gaskiya. Amma fa yarinyar nan ta nuna tarbiyya. Abu ne da ke buƙatar a zauna a duba shi.”

Na san wannan magana. Ita suke faɗa wa mutanen ƙauye idan sun zo neman a gyara musu rijiya. Suka rufe littafin, suka ba yarinyar ragowar naman miyarsu, abin da ba su saba yi ba. Ni ina kallo aka ba ta lada a kan abin da zai kayar da ita.

Kashegari maganar ta kai kunnen Hajiya, mahaifiyar Malam, waɗanda ɗakinsu ke kallon nawa. Ba su yi boko ba, amma babu abin da ke wucewa a tsakar gidan nan ba su sa masa hannu ba. Suka kira jikar tasu.

“Ke mai kan kwakwa, zo nan. Me aka ce kin yi wa Nasara?”

Ita da kakarta wasa suke, don haka ta zauna ta yi musu bayani tiryan-tiryan, har da misali. Ta ce a Turanci idan akuya tana cin abinci “is eating” ake cewa, idan Baba suna cin abinci ma “is eating” ake cewa.

Hajiya suka ajiye carbi. “Kalma ɗaya? Da shi da akuyar?”

“Kalma ɗaya, tsohuwa.”

“To Allah wadaran wannan yare. Ai dama an faɗa. Kakana suna nan lokacin da Nasara suka fara shigowa ƙasar nan. Sun ce Baturen farko da suka gani, yaro ne ƙarami ko gemu babu, ya koyi Hausa 'yar kaɗan, ya tsaya gaban dattawa masu furfura yana ce musu kai, kai, kai, kamar mai korar jaki daga gona. Mutane suka ce ƙuruciya ce. Ashe a littafinsu yake.”

Daga ranar yarinya ta samu gindin zama. Duk abin da malamin lesin ya gina da la'asar, Hajiya su rushe shi kafin magariba. Shi kuwa bawan Allah, saurayi ne mai haƙuri, har waƙa ya yi musu don su riƙe dokar. Ina jin ta tana rerawa tana wanke-wanke: ɗaya ya ɗauki “s”, da yawa su ajiye “s”. Wato a ce “he goes”, amma “they go”. Sai wata rana ta tambaye shi a gaban 'yan ajin, ta ce ai a bara an koya musu “s” alamar yawa ce, akuya ɗaya “goat”, awaki “goats”. Yaya aka yi bana ta koma ta mutum ɗaya? Ya ce waccan ta suna ce, wannan ta aiki ce. Ta ce wato idan mutum shi kaɗai ne sai a ƙara masa kaya, idan suna da yawa a sauke musu? Ya ce ta zauna. Da ta ba ni labari na ce ta daina gardama da malami, amma a raina na ce wannan kam haka yake ko a gidan biki.

Ranar wata Alhamis ƙanena ya biyo ta gidan daga kasuwar Maigatari. Direban babbar mota ne, yana shiga Damagaram yana fita, ya tsinto Faransanci a tashoshi kamar yadda ake tsintar ƙaiƙayi. Ya tarar da mu a tsakar gida ana shari'ar da aka saba, Malam a kujera, Hajiya a tabarma, yarinya da littafi, ni ina tankaɗe. Da ya ji kan zancen sai ya tuntsire da dariya.

Ya ce, “Yaya, ai kun yi kuskuren Nasara ne. Na can tsallake sun fi naku ladabi. A Faransanci yaro ‘tu’ ake ce masa, babba kuwa ‘vu’, wato ku. Ko jandarma zai kama ka sai ya ce maka ‘vu’ tukuna. Ku ba ni ita in kai ta can ta yi karatu.”

Hajiya suka ce, “Ka ji masu iyaye.”

Malam ba su ji daɗin a ɗaga wani yare sama da wanda suka iya ba. Suka gyara zama suka ce ai Turanci ma yana da nasa ladabin, don idan kana magana da mutum ido da ido “you are” za ka ce masa, ko da shi kaɗai ne. Suka kalli kowa don a yaba.

Hajiya suka ce, “Tsaya. A gabansa a ce masa me?”

“‘Are’, Hajiya.”

“In ya juya baya fa?”

Malam suka ɗan yi tari. “‘Is’.”

“To ai munafunci ke nan! A gabanka a tara ka, ka ba da baya a mai da kai ɗaya. Irin matan layin nan ne sak.”

Ƙanena har da riƙe ciki. Yarinya kuwa ganin kasuwa ta yi kyau sai ta buɗo shafin da aka yi musu a makon, na kalmomin da kullum jam'i ne. Ta ce malam ya ce wando ba a ce masa “is”, sai “are”, saboda ƙafa biyu gare shi. Haka almakashi. Haka tabarau.

Hajiya suka juya suka dubi igiyar shanya, inda wandon Malam na zuwa ofis ke rataye yana ɗiga. Suka dube shi, suka dubi ɗansu.

“Wancan shi ne su?”

“Shi ne, tsohuwa.”

“Mai shi kuma shi ne shi?”

“E.”

“Shi mai wandon ƙafa nawa gare shi?”

Malam suka cire tabarau suka duba shi kamar yau suka fara ganinsa, suka sa a aljihu. Ni na sunkuyar da kai cikin rariya don kada a ga fuskata.

Dariya dai an sha ta, amma da aka yi jarrabawar gwaji ta makaranta, yarinya ta sake faɗuwa a Turanci. Masu shirya tambayoyin nan kamar da gayya suke yi, ba su da aiki sai ubana kaza, malaminmu kaza, sarkin kasuwa kaza. Malamin lesin ya aiko a gaya mini, ya ce in dai ba ta saki wannan abu ba, shi ya yi iyakar yinsa. Ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Ta shige bayan ƙofa ta zauna. Na je na same ta, na ce, “Kina son makarantar nan ko ba kya so?” Ta ce tana so. Na ce to ki rubuta abin da suke so. Ta ce tana ɗaukar fensir da niyyar haka, amma idan ta zo kan Baba sai ta ji kamar suna tsaye a bayanta suna kallo.

Na gwada dabaru. Na ce ta ɗauka ba Babanta ba ne, uban wani yaro ne a can Ingila. Ta ce uban wani ma uba ne. Na ce ta ɗauka mugun uba ne, mai dukan 'ya'yansa. Ta ce littafin bai faɗi haka ba, zato zunubi ne. Na ce ta rufe ido ta rubuta. Ta ce za ta fita daga layi. Duk abin da na koya mata da bakina shi take dawo mini da shi, a wanke a goge. Na rasa ko in yi fushi ko in rungume ta.

Abin ya dame ni har cikin salla, Allah Ya yafe mini. Wata rana bayan na idar da la'asar ina zaune kan dadduma ina roƙo, ina cewa Allah Ka buɗa wa yarinyar nan, Kai ne Mai buɗawa, Kai kaɗai. Sai na tsaya da hannuna a sama. Na sake jin abin da bakina ya faɗa. Na shafa, na kira ta, na ce ta zo da kakarta su ma su ji.

Na ce, “Idan za ki ce Allah Ya yi ruwa, yaya kike cewa?”

Ta ce, “Allah Ya yi ruwa.”

“Ba sun yi ba?”

Ta zaro ido. “Subhanallahi, Umma! Ai Shi kaɗai ne.”

“To raini ne da kika ce Ya yi?”

Na ce, “Idan Wanda Ya halicci Babanki muna cewa Ya yi, Ya ce, Ya bayar, kuma babu girman da ya kai nasa, to don takarda ta ce wa Babanki ‘is’ ba ta rage su da komai ba. Ƙirga su kawai ta yi. Turawa ƙirga mutane suke yi, mu kuma auna su muke yi. A jarrabawa ki ƙirga. In kin dawo gida ki auna.”

Na saci kallon Hajiya, don na san in suka ƙi, aikin banza na yi. Suka ja carbi kamar sau uku, suka ce, “Wannan kam ba a ja da ita.” Can kuma suka ƙara, “Amma maganar wandon nan ban yafe ba.”

Yarinya ta yarda, sai dai da sharaɗi: sai Baba sun ba da izini da bakinsu. Bayan sun dawo ta durƙusa gabansu ta faɗi buƙatarta. Na ga abin yana musu ciwo, kamar wanda aka ce ya sauka daga kujerar gaba ya koma bayan mota. Suka ce sun saurari koke, kuma bisa la'akari da halin da ake ciki, sun amince a yi amfani da “is” a kansu, na wucin gadi, a takarda kawai, daga yanzu zuwa ranar da za a gama jarrabawa. Suka ce ban da faɗa da baki a cikin gidan nan. Hajiya suka ce a ƙara da cewa duk sanda ta rubuta ta yi istigfari a zuci, ba ya rage komai.

Haka muka yi sauran kwanakin. Ina daka ko ina tuƙi, ina jefa mata jimla tana cikewa. Liman? “Is.” Likita? “Is.” Almakashi? “Are.” Baba? Sai ta waiga ta ga ko suna kusa, ta rubuta a ƙasa da yatsa, ta nuna mini, ta share da tafin ƙafa. Har kaji suka saba da mu. Hajiya na daga ɗaki suna cewa, “An dai ji kunya, an mai da ɗana sa'an akuya,” amma su ne suka sa aka yi mata rubutun sha ranar jajibirin jarrabawar.

Ranar jarrabawa na yi mata kunu da ƙosai, ta sha kaɗan. Na raka ta har zaure ina tofa mata addu'a. Da ta dawo da azahar na tare ta da tambaya, ta ce da sauƙi, ta wuce ta kwanta. Ban matsa ba. Na ce a raina ko dai ta rubuta abin da ya dace tana jin nauyin faɗa, ko kuma ta koma wa “are” ɗinta tana tsoron faɗa. Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Ko gishiri na zuba a miya sai na ɗanɗana sau biyu don hankalina ba ya wurin.

Sakamako ya fito, ta ci. Malam suka shigo da labarin suna cewa dama sun san za a yi haka, ai jini ba ya ɓuya a harkar Turanci. Suka kuma sanar cewa izinin da suka bayar ya ƙare daga ranar. Hajiya suka yi guɗa, abin da rabon da in ji tun bikin autarsu.

Da safen da za ta tafi, muna ɗaki ni da ita ina jera mata kaya a akwatin ƙarfe, sabulu a gefe, garin kwaki da ƙuli-ƙuli a ƙasa, hijabai a sama. Don kada in yi kuka a gabanta sai na jawo zance.

Na ce, “Yanzu dai faɗa mini gaskiya. Da kika zo kan Babanki a jarrabawar, me kika rubuta?”

Ta ɗago tana ɗaura igiyar takalmi ta ce, “Ai ba su tambayi Baba ba ko sau ɗaya, Umma. Ke suka yi ta tambaya, uwata tana dafa abinci, uwata tana share gida, uwata tana ɗebo ruwa. Ke kuwa ai ba wuya, dama ke kaɗai ce.”